Zafi Ba Ya Rufa Asiri

A ƙarshen damina, lokacin da raɓa ke sauka da nauyi, motar da ta kwana a waje takan wayi gari da zane a kan bonet. Ba kowa ke lura ba, don abin na 'yan mintoci ne. Rana na leƙowa sai raɓar ta fara tashi, amma ba ta tashi gaba ɗaya. Nan ya bushe tas, can da sauran jiƙa, kuma jiƙar ba barkatai take ba: layuka ne miƙaƙƙu, wasu a gicciye, wasu sun haɗu sun yi kusurwa. In ka ɗaga bonet ɗin ka dubi bayansa, sai ka tarar da wannan zanen sak, na ƙarafan da aka manna daga ciki don kada ya lotsa. Inda ƙarfen falle ɗaya ne, rana na taɓa shi ya ɗumama, raɓa ta kama gabanta. Inda yake da wani ƙarfen a ƙarƙashi, zafin sai ya rabu biyu, wurin ya makara. Kafin yaro ya iso da bokiti da tsumma, komai ya shafe.

Katangar bulo ma haka take yi bayan ruwan sama. An yi mata filasta, an bi ta da fenti, ka rantse dunƙule ɗaya ce. Da ta fara shan iska sai ga shatin kowane bulo ya fito, layi bisa layi, har ka iya nuna inda birkila ya cika kwaɓi da inda ya yi ƙwauro. Wani lokaci har hanyar da mai wayarin ya sassaƙe ya binne bututu takan nuna kanta.

Ba a kankare fenti ba, ba a fasa filasta ba, amma na ciki ya fito fili, don kawai abu biyu da ke manne da juna ba sa karɓar zafi da laima tare, ba sa kuma sakinsu tare. Wannan ɗan bambancin ne injiniyoyi suka mai da sana'a guda. Suna ɗaukar hoton zafin da ke fuskar abu da wata kyamara ta musamman, su karanta cikinsa daga hoton, ko fiffiken jirgin sama ne, ko gada, ko akwatin wutar masana'anta, abin ya koma bakin aikinsa ko ƙwarzane babu. Abin da ya ja hankalina shi ne, kyamarar ba ta ganin aibin kansa ko kaɗan. Tana dai ganin wuri ya saɓa wa maƙwabcinsa, kuma saɓanin yana da lokacin fitowa da lokacin ɓuya.

Duba abu ba tare da an ɓata shi ba tsohuwar dabara ce, da kunne aka fara ta. Mace ba ta biyan kuɗin randa sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa. Mai lafiya ta amsa garau, mai tsaga ta amsa a shaƙe. Mai sa tayil yakan bi ɗaki da ƙotar guduma, inda ya ji holoƙo ya san siminti bai kama ba. Har gobe masu gyaran jirgin sama ba su yar da wannan ba, sukan bi jikin jirgi da tsabar kuɗi ko 'yar guduma suna saurare. Sai dai jirgi da faɗi, kunne kuma yana gajiya, ba ya barin shaidar da wani zai zo ya duba gobe.

Bayan kunne sai hannu. Babbar mota ta tsaya a Tafa ko Mararrabar Jos, kafin direba ya isa teburin mai shayi, yaron mota ya zagaya yana dafa cibiyar kowace taya. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi, ko boris ya fara ci ko birki ya riƙe. Ba lamba yake nema ba. Bai san digiri nawa ba ne, bai kuma damu ya sani ba. Tayoyin nan tafiya ɗaya suka yi da kaya ɗaya, me ya sa wannan ta fita daban? Tambayar ke nan, ita ce kuma mai kyamarar miliyoyin naira yake yi. Inda hannu ya gaza kuwa sananne ne. Ba a dafa wayar da ke ɗauke da bolt 33,000, ba a dafa abin da ke juyawa. Ga shi da saurin ruɗuwa: ƙarfe da katakon da suka kwana ɗaki ɗaya zafinsu ɗaya ne, amma hannu zai rantse ƙarfen ya fi sanyi, don ya fi saurin zuƙe ɗumin fata.

Auna zafi daga nesa ya samo asali ne daga wani gwaji da William Herschel ya yi a Ingila a 1800. Haifaffen Hanoba ne ta ƙasar Jamus, makaɗi ne kafin ya koma kallon taurari, shi ne kuma ya gano duniyar Yuranus a 1781. Ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya baje ya zama launukan bakan gizo, sai ya riƙa sa ma'aunin zafi a kowane launi don ya ga wanne ya fi ɗumi. Daga shuɗi zuwa ja, ma'auni na ta hawa. Da ya gusa da shi gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, maimakon ya sauka sai ya ƙara hawa. Ashe akwai wani hasken a can, rana na zubo shi kullum, ido ne bai da rabo a ciki. Shi ne ake kira infirared.

Daga baya aka fahimci ba rana kaɗai ke fitar da shi ba. Kowane abu yana yi, ni da kai da bango har ƙanƙara, iyaka mai zafi ya fi mai sanyi fitarwa nesa ba kusa ba. Maƙeri ya san ƙarshen wannan labarin ba tare da an karanta masa ba. Ƙarfensa na wuce digiri 500 da 'yan kai yake fara ja a duhun maƙera, ya koma ruwan goro, ya doshi fari, da launin yake sanin lokacin bugu. To tun kafin ya yi ja yana haskawa, a zangon da ido ba ya kamawa. Ido yana aiki ne tsakanin maikiromita 0.4 da 0.7, yawancin kyamarorin zafi kuwa tsakanin 8 da 14 suke kallo, inda abu mai ɗumi irin na jikin mutum ya fi haskawa.

Ɗan Herschel ɗin, John, shi ya fara mai da wannan haske hoto, a 1840, kuma dabararsa za ta ba masu gyaran waya dariya, don ita suke yi kullum. Ya shafa wa takarda baƙin hayaƙin fitila, ya jiƙa ta da sifirit, ya haska mata rana ta cikin gilashin. Inda zafi ya fi sauka ya riga bushewa, sai zane ya fito. Na tsaya kan wani matashi a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, an kawo masa wayar da ta ƙi kamawa sam, ko caja ba ta amsawa. Mai ita dattijo ne, ya riga ya fid da rai, hotunan jikokinsa kawai yake so a ciro masa.

"Baba, ba mutuwa ta yi ba," in ji yaron, bayan ya taɓa wurare biyu-uku da mita. "Shot ne. Wani ɗan abu ne a ciki yake shanye wutar."

"To a cikin wannan tarkacen ta ina za ka gane shi, ɗan nan?"

"Shi zai nuna kansa, Baba."

Ya zare allon wayar ya kwantar a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ɗiga masa sifirit har ya yi sheƙi, sannan ya ɗora tsinken waya a kan layin da ya mutu ya ba shi wuta 'yar kaɗan, wajen bolt 1. Ko'ina ya zauna a jiƙe, ban da wani ɗigo guda kusa da gefe, wanda ya bushe nan take, bushewar ta riƙa faɗaɗa a kewayensa. Ya sake ɗigawa, nan ɗin dai ya sake bushewa. Kafasita ce, tsawonta bai kai milimita 1 ba, a ido ba ta da maraba da ɗaruruwan da ke kewaye da ita. Ya hura mata iska mai zafi ya ɗauke ta da hantsaki, ya mayar da batir, fuskar wayar ta kawo haske. Waɗanda suka tara jari cikin masu gyaran waya yanzu sun sayi 'yar kyamarar zafi mai mariƙi, ɗigon ya fito musu fari ƙal a kwamfuta cikin daƙiƙa guda.

Wannan 'yar kyamarar ba da arha ta fara ba. Sojoji ne suka yi renonta, don ganin abokin gaba cikin duhu. Kamfanin AGA na Suwidin ya fito da ta farar hula a shekarun 1960, ƙatuwa, kuma sai an zuba mata ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili kafin idonta ya buɗe. Abin ya canza ne da kamfanin Honeywell na Amurka ya ƙera idon da ba ya bukatar sanyayawa, aka sake shi ga 'yan kasuwa a farkon shekarun 1990. Mai sauƙin kuɗi a yau tana da ɗigo 160 a kwance, 120 a tsaye, wato ma'aunin zafi 19,200 na aiki lokaci guda, mai kyau kuma tana rarrabe bambancin digiri 0.05. Zuwa 2014 an fara sayar da wadda ake maƙalawa a wayar hannu. Ja da ɗorawa da shuɗin da ake gani a hoton kuwa na'ura ce ke shafa su don karatu ya yi sauƙi.

Kafasitar da ta yi shot ita ke dafa kanta, nemanta da sauƙi. Wahalar tana ga abin da ba ya fitar da zafin kansa. Jirgin Boeing 787 kusan rabin nauyinsa ba ƙarfe ba ne, yawanci zaren kabon ne da aka jera falle bisa falle, aka haɗe da ƙaro aka gasa. Na Airbus A350 ma ya ɗan ɗara rabi. Ga ƙarfi ga rashin nauyi, amma da hali guda mai ban tsoro. Aluminiyam in ya bugu yakan lotsa, kowa ya gani. Wannan kuwa sifana na iya faɗo masa daga hannun makaniki, fuska ta zauna sumul, alhali a ciki falle ya rabu da falle. Yana ajiye a rumfar gyara, inda ya rabu da inda bai rabu ba zafinsu ɗaya, kyamara ba ta ga komai.

Sai a tsokane shi. A kafa manyan fitilu masu walƙiya irin na masu ɗaukar hoto, a watsa wa wurin haske na abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Fatar ta ɗan ɗumama, zafin ya fara nutsawa ciki, kyamara kuma na ɗaukar hotuna barkatai a kowace daƙiƙa tana kallon yadda fuskar ke hucewa. Inda kayan yake a haɗe, zafi ya wuce abinsa, fuska ta huce bai ɗaya. Inda ya rabu akwai siririyar iska a tsakani, iska kuwa ba ta iya miƙa zafi ba: kayan jirgin ya ninka ta wajen sau 20 ko fiye, ƙarfe kuwa sama da sau 1,000. Sai zafin ya taru a saman wurin, kamar yadda ruwan sama ke kwanciya a gonar da ke da fako a ƙarƙashin yashi alhali ko'ina ya tsotse. A hoton sai ga tabo mai haske, da siffar raunin da faɗinsa, ya yi 'yan daƙiƙoƙi ya dushe.

Lokacin fitowar tabon ma magana ce. Na kusa da fata ya fito da wuri, na can ciki ya makara, kuma in zurfi ya ninka biyu, jira sau huɗu yake ninkawa. Da haka ake lissafa falle na nawa ne ya rabu. Nan ne kuma iyakar dabarar take. Zafi ba ƙasa kaɗai yake nutsawa ba, yana bazuwa gefe da gefe, don haka ƙaramin aibi mai zurfi kewaye shi yake yi ya wuce, fuska ba ta ji ba. Masu aikin ba sa sa ran ganin aibi sai faɗinsa ya fi zurfinsa, kuma a irin wannan kayan zurfin bai wuce 'yan milimita ba. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A nan dai fuskar ba ta san komai ba sai abin da ke dab da ita. Mai son duba waldar bututun mai mai kauri ba nan zai zo ba, sai ya nemi hoton eksire ko na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe.

Wanda ya fi burge ni shi ne na ruwa, don ba a kunna fitila ko ɗaya. Wasu sassan jirgi, irin su reshen jela da ke juya shi, cikinsu 'yan ramuka ne masu siffar saƙar zuma, an rufe su ciki da waje da fata siririya. Ruwa yakan sami kafa ya shiga ya zauna a ramukan. A can sama, kilomita 10 ko 11, sanyi na kaiwa digiri 50 ƙasa da sifili. Ruwan ya daskare, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya sauko ya narke, gobe ya sake, a hankali yana ɓamɓare fatar. Jirgi na sauka sai masu duba su yi maza da kyamara. Jikinsa na ɗumama da iskar ƙasa nan da nan, ƙanƙarar kuwa ba ta gama narkewa ba, sai ramukan da ke da ruwa su fito baƙi ƙirin. A yi jinkiri, sai dai a jira wata tafiyar, ko a koma ɗumama wurin da bargon lantarki.

Wani lokaci sai an yi rashi ake waiwayar irin wannan duba. Kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse a sararin jihar Texas ran 1 ga Fabrairun 2003 yana dawowa, 'yan sama jannati bakwai suka mutu. Guntun soson tankin mai ne ya ɓalle tun wajen tashi, ya huda gaban fiffiken hagu, inda allunan kabon 22 ke tare zafin shigowa iskar duniya. Babu kyamarar ƙasa da za ta hana wannan, a sama aka yi hujin. Amma bincike ya tono cewa duban da ake yi wa allunan tsakanin tafiya da tafiya yawanci na ido ne da shafawar hannu. Da kumbunan suka koma tashi a 2005, hukumar NASA ta shigar da walƙiya da kyamarar zafi cikin aikin duba su.

Gada ba ta shiga rumfa, ba kuma fitilar da za ta ɗumama ta sai rana. Rodin da ke cikin kankare in ruwa ya kai gare shi yakan yi tsatsa, tsatsa ta fi ƙarfe cin wuri, sai ta ɗaga kankaren da ke samanta ya rabu ta ciki, sama kuwa lafiya lau har ranar da zai ɓare. Da, sarƙa ake ja a kan gadar ana saurare, sai an tare hanya. Yanzu mota na iya wucewa da kyamara, ko jirgi marar matuƙi. Daga hantsi zuwa azahar wurin da ya rabu ya fi kewayensa zafi, don ɓawon da ke sama siriri ne, ba shi da inda zai miƙa abin da rana ta ba shi. Da dare labari ya juye, shi ke riga hucewa. Tsakanin biyun, da safe da kuma wajen faɗuwar rana, akwai ɗan lokacin da mai aibi da mai lafiya suke zama ɗaya sak. Wanda ya zo a wannan lokacin zai rubuta rahoto cewa gada lafiyarta ƙalau, da kyawawan hotuna don shaida, kuma kyamararsa ba ta yi masa ƙarya ba.

A ganina, inda wannan sana'a ta fi kusa da mu yau shi ne kan rufinmu. Farantan sola sun cika gari, daga na masallaci da na rijiyar burtsatse har manyan tashoshi irin ta Malbaza a Nijar mai megawat 7 da ta Kumbotso a Kano mai megawat 10. Farantin da aka saba gani yana da ƙwayoyi 60 ko 72 a jere, wuta na bi ta cikin kowace kafin ta wuce ta gaba. In ɗaya ta tsage, ko kashin tsuntsu ya rufe ta, ko ƙurar hunturu ta taru a gindin farantin ta danne layin ƙasa, ba daina aiki kawai take yi ba. Sai ta koma cin wutar da 'yan'uwanta ke samarwa tana mai da ita zafi, a kwana a tashi ta ƙona robar bayan farantin. Daga ƙasa ba abin da za ka gani, sai dai maigida ya ce batir ba ya cika kamar da, a ɗora wa batir laifi, a sayi sabo. A hoton zafi kuwa kowace cuta da kamanninta. Ƙwaya ɗaya mai haske, tsaga ce ko datti. Sulusin faranti ya yi ɗumi daga sama har ƙasa, wannan ɓangaren ya fita daga aiki, wuta kewaye shi take yi. Faranti guda cur ya fi na gefensa ɗumi, ba a haɗe yake ba. Ƙa'idar duniya ta wannan duba ta ce sai rana ta kai wat 600 a kowane murabba'in mita, abin da mu muke samu tun hantsi. Mai sayen faranti na hannu da ke ɗora mita ya ga lamba ta cika ya biya, bai gwada komai ba tukuna. Mai tsaga yana iya nuna bolt ɗinsa daidai muddin ba a ɗora masa kaya ba.

Sai dai fa kyamarar tana da saurin yarda. Hasken da ya fito daga fuskar abu take aunawa, ta lissafa zafi daga ciki. Fatar mutum da fenti da kankare suna fitar da kashi 90 cikin 100 ko fiye na abin da ya kamata. Gogaggen aluminiyam ko jan ƙarfe mai sheƙi kuwa wajen kashi 5 kawai, sauran abin da ke fitowa daga gare shi na aro ne, madubi ya zama. Nuna kyamarar ga sabuwar tukunyar silba da ruwa ke tafasa a ciki, ta ce maka da ɗan ɗumi. Tsohuwar tukunyar da ta sha baƙin murhu ita za ta faɗi gaskiya. Sabon shiga yakan tsaya gaban akwatin wuta ya ga tabo mai zafi a kan ƙarfe mai sheƙi, ya ɗauki hoto, ya zagaye shi da jan layi, alhali ɗumin jikinsa ne ya dawo masa. Da ya matsa gefe da tabon ya bi shi. Tsofaffin hannu kan manna ɗan baƙin tef a kan ƙarfen tun wuta na kashe, su auna kan tef ɗin. Kyamarar kuma ba ta gani ta cikin gilashi, shi ya sa idonta na wani ma'adini ne mai tsada da ake kira jamaniyam. Ko ƙwayar solar nan ba ita ake gani ba, gilashin da ta ɗumama ake gani. Abin da ake nunawa a finafinai, wai ana hango mutane ta bayan katanga suna yawo ja-ja, tatsuniya ce.

Cikin ayyukan da aka fi yi da ita, wanda kuma ya fi sauƙi, akwai duba mahaɗar wayoyin wuta. Duk inda noti ya saki, ko aka murɗa wayar aluminiyam da ta jan ƙarfe aka naɗe da tef, wuta da ƙyar take wucewa, wurin ya yi zafi. Zafin ya sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke, ya ƙara saki, ya ƙara zafi. Wanda ya taɓa ganin mahaɗa ta yi ja a kan falwaya da daddare ya ga ƙarshen tafiyar ne, ta wuce digiri 500. Warin roba ma a makare yake zuwa. Kyamara tana kama ta tun tana fin 'yar'uwarta da digiri 5 ko 10, lokacin da maganinta bai wuce sifana ba. Layuka uku ne ke shiga akwati ɗauke da kaya kusan ɗaya. A dube su a jere, a ga wanda ya fita zakka. In zafin ya taru a kan noti, yana raguwa in an bi waya, mahaɗa ce. In wayar ce ta ɗumama daga farko har ƙarshe, kaya ne suka yi mata yawa, ɗaure noti ba zai yi komai ba. A Amurka, ƙa'idar kula da kayan wuta da aka sabunta a 2023 ta nemi a yi wannan duba aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan na bi ta layukan manyan kasuwanninmu na ɗaga kai na ga yadda wayoyi suka sarƙe a saman rumfunan atamfa da katifa, nakan ce kuɗin kyamara ɗaya da horar da yara biyu bai fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa guda ba, tunda in an yi gobara lantarki ake fara tuhuma.

Akwai dai sharaɗi. Zafin mahaɗa yana bin yawan wutar da ke ratsa ta ne: wuta ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu, ta ragu rabi, ya koma rubu'i. Don haka masu aikin ba sa yarda da duban da aka yi kaya bai kai kashi 40 cikin 100 na ƙarfin layin ba, sun fi son lokacin da komai ke kunne, firiza da injin niƙa da na'urar sanyaya ɗaki. Akwatin da ba wuta a cikinsa, mahaɗarsa mafi muni da mafi kyau launinsu ɗaya. A garuruwanmu ke nan mai kyamara ba shi ke sa ranar aiki ba. Zai bar lambarsa wurin mai gadi, in an kawo wuta ta yi kamar rabin awa ba a ɗauke ba, a kira shi ya hau babur.